Kan Burtu a Bakin Geriyo

Bana damina ta shigo har ta kusa fita ban ji wucewar agwagin ruwan nan kirinjijiya ta saman gidana ba. Da can, in an idar da sallar asuba ina zaune a kan buzu, sai in ji sun ratso ta kan unguwarmu Alƙalawa suna ta fito, sun nufi tafkin Geriyo, kuma da jin su na san lokacin ɗora ruwan shayi ya yi. Yanzu injin niƙan maƙwabta ne ke gaya mini gari ya waye. Makon jiya na sa aka kai ni bakin tafkin in gani ko kunnena ne ya tsufa. Kunnen ya tsufa, ban musa ba, amma ba shi kaɗai ke da laifi ba. Inda na san ciyawa tana kai ƙirjin mutum, yau shinkafa ce kore shar, injinan ban-ruwa na ta ruri, can gefe kuma an fara jera bulo. Ban ji haushin manoma ba, kowa cikinsa yake nema wa. Na dai samu wani kututture na zauna ina murmushi ni kaɗai, domin daidai inda wani injin yake girke, nan na taɓa yin rarrafen da ya fi kowane rarrafe a rayuwata, alhali gemuna ya riga ya yi fari.

A Mbamoi na tashi, a hannun Bappana, ƙanin mahaifina, manomi da damina, maharbi da rani. Aikinmu na yara tsuntsaye ne, amma korarsu, ba kallonsu ba. In dawa ta fara nuna, tun rana ba ta fito ba Goggo, matar Bappa, za ta miƙo mana kunu a jallo, mu tafi gona mu hau rumfar da aka kafa a tsakiya, mu yi ta jan igiya mai gwangwanaye muna ihu har murya ta dushe. Daga kowace gona irin wannan ƙarar ce ke tashi, kai ka ce biki ake yi. Janbaki sukan zo dubu-dubu su juya gaba ɗaya a sama, su sake juyawa, ba mai karo da ɗan'uwansa. Ni kuwa na sha tsumagiya a kan aikin nan, don sau da yawa igiyar na hannuna na shagala da kallon juyin, su kuma sun sauka suna cin rabonsu hankali kwance. Goggo takan ce da a ba ni tsaron gona gara a rataya tsohuwar riga a sanda, ita ko ba komai ba ta shan kunu.

Da rani sai Bappa ya sauko da kan burtunsa daga rufin ɗaki. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. Burtu babban tsuntsu ne baƙi mai yawo a ƙasa yana tsintar ƙwari, kuma namun daji da tsuntsayen ruwa ba sa gudunsa. Shi ya sa maharba ke sassaƙa ice mai lanƙwasa irin wuyansa, su naɗe da baƙar fata, su dasa masa bakin burtu na gaske, su ɗaura a goshi, su lulluɓa da baƙin zane su durƙusa. Bappa ba mai yawan magana ba ne, amma a kan burtu yana da wa'azi. Yakan ce burtu ba ya sauri, don ba wanda ya aike shi. Yakan ce kada ka miƙe wa abin da kake so, ka nufi gefensa kamar kana da wata sabga a can. Taku uku, ka sunkuyar da kai ka yi tsinta sau biyu, ka ɗago ka dubi inda ba ruwanka, sannan ka ci gaba. Nama ba ya tsoron mai cin abinci, in ji shi, mai kallo yake tsoro.

Ranar da ya ga tafiyata ta nuna, ya ba ni baka da kibiya ya nuna mini wata dinya, babbar agwagwar dajin nan, a bakin fadama. Na yi yadda ya koya mini har na kai inda nake jin motsin bakinta a cikin ruwa. Sai rana ta bugi fikafikanta, baƙin ya koma kore, koren ya koma wani launin da har yau ban san sunansa ba, ni kuwa na saki baki. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Tarin Bappa na ji a bayana, dinya ta yi sama. Bappa bai dake ni ba. Ya karɓi bakansa, da muka isa gida ya ce wa Goggo yaron nan idonsa ya fi hannunsa ƙarfi, a kai shi boko kafin ya kashe gidan da yunwa. Haka na zama ɗan makaranta, daga baya malami, daga baya hedimasta. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka raba baka da kwari da bindiga, ni aka miƙo mini kan burtu ana ƙunshe dariya, na karɓa da hannu biyu na kawo gida na rataye.

Da na yi ritaya, 'yata ta ga ina neman zama ɗan sa-ido a unguwa, sai ta aiko mini da kyamara mai dogon gilashi, wadda uwargida ta raɗa wa suna Dogon Hanci tun ranar farko. A lambun bayan gida na fara. Akwai gwaba da lemo da zogale, na ƙara da tsohon kasko na cika da ruwa, na zauna a bakin taga. Ƙaramar tsuntsuwar nan baiwar Allah ce ke fara zuwa, sai kurciya, sai cilakowa ya sauko ya watsa taro. Ban taɓa sanin mutum zai iya yin farin ciki don kurciya ta yi wanka ba sai lokacin. Wani Ibo mai shagon wankin hoto a Jimeta, wanda ya daɗe a garin fiye da rabin gine-ginen layinsu, shi ke wanke mini, kuma duk zuwa sai ya kama kai ya ce, “Hedimasta, tsuntsu again? Kai ba ka da mutane a gida ne?” Duk da haka ya roƙi hoton zalɓe guda ya manna a saman teburinsa. Da lambu ya yi mini kaɗan na koma Geriyo, nan na gane tsuntsun ruwa ba ya yarda da mutum a tsaye. Wata safiya na dubi bango, na sauko da kan burtun da na gada, na kakkaɓe masa yana. Daga ranar hotunana suka canza, har mai shagon ya fara tambaya ko asiri nake yi musu.

Sai fitinar nan ta zo. Ba zan tsaya a kanta ba, wanda ya gani ya gani. Mutane suka kwararo Yola da Jimeta daga arewacin jiha da Barno, wasu a ƙafa, kowane gida ya buɗe zaurensa. Nawa ya samu iyali uku, uwargida ta koma dafa tuwo a tukunyar biki. A cikin baƙin akwai wani malamin Alƙur'ani daga wajen tafkin Cadi, sa'ana, dogo, da tsagar Barebari a fuska, muna kiransa Goni. Da Alƙur'aninsa da rigar jikinsa ya fito, katin shaida da duk wata takarda sun ƙone tare da gidansa. A kwanakin nan, mutum mai irin wannan tsaga da ba shi da takarda, in aka tsare shi a shinge aka jefa shi a mota, sai dai addu'a. Wasu sun dawo bayan watanni, wasu har yau ana jiransu. Saboda haka Goni ba ya wuce masallacin unguwa. Ba ya kuma magana sai gaisuwa. Ya ci loma uku, ya gode, ya koma kan tabarma ya ƙura wa bango ido. Ni ma na maida Dogon Hanci cikin akwati, domin lokacin ko waya ka ɗaga a kusa da gada sai ka yi bayani.

Wata rana da hantsi na tarar da Goni a zaure yana buɗa kundin hotunana. Ya tsaya a kan wata dinya ya ɗora mata yatsa, sai ya fara magana, bai tsaya ba har aka kira azahar. Ya ba ni labarin tafkinsu, da yadda dinya ke sauka bayan ruwa ya ja, da yadda yakan kai ɗalibansa bakin ruwa su yi tilawa suna kallonsu. Daɗi ya kama ni, kuma daɗi ne ya kai ni ga wauta. Na ce gobe zan kai shi Geriyo ya gan su da idonsa. Uwargida ta ce ban da hankali. Na ce mata tsuntsaye ba su san ana yaƙi ba, ta ce masu tsaron gari sun sani. Na yi mata irin dariyar da hedimasta ke yi wa wanda bai yi karatu ba, kuma har yau in muka yi gardama sai ta tuna mini da ita.

Mun isa rana na ɗagowa. Na zaunar da Goni a gindin wata giyayya da jakar kyamara a cinyarsa, na ɗaura kan burtu, na yafa baƙin zane, na ja Dogon Hanci a ƙarƙashinsa na shiga ciyawa. Ban yi taku ashirin ba na ji an ce kada in motsa. Maharba ne, irin waɗanda suka ajiye farauta a lokacin suka koma tsaron gari, su shida, da bindigogi da layu har gwiwar hannu. Ku dubi abin da suka gani: mutum cikin baƙaƙen kaya yana jan ciki a ciyawa da wani dogon baƙin bututu, ga kuma Babarbare a gindin bishiya rungume da jaka. Ko ni ne a matsayinsu da na kama kaina.

Ni abina bai yi wuya ba. Na faɗi sunana da makarantar da na riƙe, na nuna kati, har ɗaya daga cikinsu ya ce ya san ƙofar gidana. Sai suka juya kan Goni. Ba kati, ba takarda, Hausarsa ma ta gudu. Wani mai zafin kai a cikinsu ya ce tsohon banza ne aka yi amfani da shi, Babarbaren ne mai aikin, ana ɗaukar hoton hanyar ruwa ne a aika daji. Na buɗe kyamara na nuna musu, tsuntsu, tsuntsu, tsuntsu, ya ce ai ko shi ne ɗan leƙen asiri da tsuntsaye zai cika ta. Ya ciro waya zai kira soja. Na dubi Goni, na ga ya rufe ido ya miƙa hannayensa biyu gaba tun ba a ce ya miƙa ba. Ban taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu mini irin na wannan lokaci ba. Mutumin nan ya tsira daga wuta ya zo gidana, ni kuma na ɗauko shi da hannuna na kawo shi nan don in nuna masa tsuntsu.

Babbansu wani tsoho ne gajere mai jan ido. Kan burtun yake kallo, wanda har lokacin yana goshina na manta da shi. Ya ɗaga wa mai wayar hannu, ya tambaye ni wa ya ba ni. Na ce gadon Bappana ne, kuma shi ya koya mini tafiya da shi. Ya juya ya dubi can ƙarshen wani tsibirin taɓo inda dinya bakwai ke kiwo, sannan ya ce:

“Modibbo, kan burtu ana sayan shi a kasuwa, tafiya ba a sayan shi. Je ka kawo mini idon wancan dinya cikin akwatin naka. In sun zauna, maganarka gaskiya ne, har na baƙonka. In sun tashi, ba ruwana, soja zai tambaye ku.”

Duk maharbi ya san dinya ta fi kowane tsuntsun ruwa wayo, kuma tsakanina da su fili ne fetal, ciyawar ba ta wuce idon sawu ba. Na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙarar da na tabbata an ji ta a Jimeta. Zuciyata na ce mini yi sauri, yi sauri, kafin mai wayar nan ya gaji da jira. Na ce mata burtu ba wanda ya aike shi. Na nufi hagunsu kamar ina da sabga da wani kututture a can. Taku uku, tsinta biyu, in ɗago in dubi gabas inda ba kowa. Taɓo ya shige mini hannun riga, ƙaya ta samu tafin hannuna, wani abu mai sanyi ya manne mini a ƙwauri ban tsaya tambayar sunansa ba. Da na kai rabi, babbar cikinsu ta daina kiwo ta miƙe wuya ta ƙura mini ido. Nan ne na so in mutu. Na juya mata ƙeya, na dukufa tsinta, ina kai goshi ƙasa har hancina na shiga taɓo, ina yi ina salati a zuci. Na yi tsintar da ko burtun gaske bai taɓa yin irinta ba. Can na saci kallo ta ƙarƙashin zane, na ga ta maida baki cikin ruwa.

Na matsa har inda nake jin motsin bakunansu, na turo Dogon Hanci ta bakin zane na danna. Ba su tashi ba. Sai a lokacin na tuna Bappa bai taɓa koya mini komawa ba, domin maharbi in ya harba miƙewa yake yi. Dole na ƙirƙiro tawa: na juya a hankali na ba dinya baya, na dawo da rarrafe, taku uku, tsinta biyu, ɗuwawu a sama, har gindin giyayya. Sai da mutum biyu suka kama ni sannan na miƙe.

Na miƙa kyamarar, muka duba tare. Ashe hannuna ya goce lokacin dannawa. Abin da ke ciki rabin wuya ne da ciyawa, duk a dagule, ba ido ba alamarsa. A duk hotunan da na ɗauka a duniya ba wanda ya kai shi muni. Tsohon ya daɗe yana kallo, ya juya kyamarar sama da ƙasa, ya miƙo mini.

“Hoto kam ba ka iya ba,” ya ce. “Amma wanda ya koya maka tafiya ya san daji. Rabona da ganin tsinta biyu tun babana yana da rai.”

Mai wayar ya fara cewa to shi Babarbaren fa. Tsohon ya ce masa ya maida wayar aljihu, mutum ba ya sa hancinsa a taɓo don wanda bai yarda da shi ba, kuma baƙon maharbi baƙonsu ne, shi ya tsaya masa. Ya kama hannayen Goni da ke miƙe har lokacin ya sauke su da kansa, ya ce masa da Fulatanci useko, wato a yi haƙuri, zamani ne ya kawo. Ni kuma ya yi mini faɗa tas, irin wanda na saba yi wa yara a gaban asambuli, ya ce daga yau in zan zo in fara aika musu. Kafin mu tafi sai ga su sun jeru su shida, an gyara layu, an saɓa bindigogi, wai a ɗauke su. Har mai wayar ya roƙi aron kan burtu ya ɗaura.

Muka hau keke mai ƙafa uku muka kama hanyar gida. Ni ina tsiyayar taɓo ina shirya kalmomin ban-haƙuri, sai na ji kujera na girgiza. Na zaci kuka Goni yake yi. Ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa, har da hawaye, yana nuna ni yana kasa magana. Da ƙyar ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin burtu mai ɗuwawu irin wannan ba. Mai keke ya kama, ni ma na kama, haka muka shiga Alƙalawa mutane na leƙenmu. Ranar Goni ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Uwargida ta zuba masa da fara'a, ni kuwa ta ajiye mini bokitin ruwa a tsakar gida ba ta ce mini ko sannu ba.

Da ƙura ta lafa baƙinmu suka fara komawa, iyali bayan iyali, ana kuka ana yafe wa juna. Goni ya samu sabon kati, ya samu ɗaki a bayan gidana, yaran unguwa suka fara zuwa ɗaukar karatu. Yanzu gwiwoyina sun ƙi durƙuso ko a sallah sai da kujera, hotona ya koma na bakin taga, shi ke zama kusa da ni yana gaya mini na makara da dannawa. Shekarun baya 'yan'uwansa suka zo daga Barno da mota, suka ce gari ya zauna, an sake gina masallacinsa, an ware masa fili. Kwana biyu suna lallashinsa a zaurena. Ni shayi kawai nake kawo musu, don ba ni da bakin hana mutum ƙasarsa. A rana ta uku ya raka su har bakin mota, ya yi musu addu'a mai tsawo, sannan ya ce:

“Ku gaida gida. Garin da hedimasta guda ya sa hancinsa a taɓo saboda ni, a nan za a binne ni.”